Sawun Marka

A wani daji na can arewacin duniya, inda dusar ƙanƙara ke kai wa barewa ƙirji, dabbobi suka kafa majalisar ceton damisa mai ratsi, don irinta ya kusa ƙarewa. Mujiya ce shugaba. Malam Dila kuwa aikinsa ƙirga sawu a kan dusar, kowane layin sawu damisa ɗaya.

Wata safiya Marka, damisa mai shayarwa, ta shigo majalisa tana haki.

"Ranki ya daɗe, ɗana ya faɗa tarkon waya da mafarauci ya ɗana wa barewa. Wayar tana cin ƙafarsa. Na ja har bakina ya fashe, turken bai motsa ba. A ba ni Gursunu, aladen daji, ya tone shi da haurensa. Aikin rabin yini ne, kuma jibi mai tarkon zai dawo."

Mujiya ta dubi Dila. Dila ya buɗe kundi.

"Baiwar Allah, a gabas inda kike, sawu ɗaya muka gani. Ba ki da ɗa."

"Dusar ta fi shi tsayi, Malam. Cikin sawuna yake taka ƙafa. Haka kowace uwa ke tafiya da ɗanta."

"To, da kin koya masa takawa a gefe."

Gursunu ya miƙe zai bi ta, Mujiya ta ce ya zauna. "Muna jin zafinki, 'yar nan. Amma idan muka ceci wanda ba ya cikin kundi, gobe kowa zai zo da ɗan da ba mu gani ba. Ki kawo shi ya taka a gabanmu."

"Yana ɗaure, ranki ya daɗe."

"Idan an kwance shi, sai ki kawo shi."

Kwana biyu Marka tana zirga-zirga tsakanin tarko da majalisa. Ta je ta lashe ƙafar ɗan, ta kwanta ya sha nono, ta dawo ta roƙa. A rana ta uku ta tarar da turken kawai, da sawun takalmi. Ta zagaye dajin tana kira har muryarta ta dushe.

Da Dila ya fita ƙirga, sai ya ga gabas duk sawun damisa, layi kan layi. Ya ƙirga arba'in da ɗaya. Majalisa ta yi walima, aka yafa masa alkyabba, aka kuma aika wa Marka takardar gargaɗi kan yawan kuka kusa da zauren majalisa.

An ce ba a taɓa samun shekarar da damisa ta yi albarka kamar wannan ba.