Gangarar Gidan Kawu Bawa

Da gwamnati ta ba Kawu Bawa gida a Gesse, ni magini na gina masa gangarar da kekensa na guragu zai bi. Ranar dubawa, Kawu ya leƙa ya ce, "Ɗana, wagga gangara ta yi tsaye da yawa."

Jami'ar gwamnati da ta zo miƙa makullin gidan ta mayar da shi cikin jaka.

Na ce, "Shekara ashirin ina gini, Kawu. Ba ni keken."

Aka zaunar da shi a benci, na hau. Sai da taya ta juya na tuna ban san inda birki yake ba. Na wuce jami'ar, na wuce ƙofa, kwata ta tare ni.

Har yau in na je gaisuwa, Kawu kan riƙe kekensa gam, ya ce, "Direba, yau ina munka nufa?"