Jarrabawar Kunne Ta Raba Ni da Makulli

Jiya na faɗi jarrabawa, jama'a, da furfurata da komai. Ni direba ne, ina riƙe da sitiyari a garin nan tun wasu daraktoci suna rarrafe. Amma da aka fara haƙo mai a kudu, sai Ranka Ya Daɗe Babban Mai Sa Hannu na wurin aikinmu ya hango baƙi masu Ingilishi suna tafe. Ya yanke hukunci: duk direban da bai ci jarrabawar Ingilishi ba, ya ajiye makulli. Makullin nan kuwa shi ke ciyar da gidana.

Na garzaya unguwar Diguel wajen Mudi mai shayi, wanda ya taɓa zama a Maiduguri har ya tsinto Ingilishi. Ya ce, "Baba Siradji, yaren nan marowaci ne. Kalma biyu, murya ɗaya. Ka ce 'si', teku ne, gani ne kuma. Ka ce 'san', rana ce, ɗa ne kuma."

Na ce, "To da me ake rarrabe su?"

Ya ce, "Da rubutu, ko da maganar da ke kewaye da su. Kalas, shi ke nan."

Na yi ta hadda har matata Zaliha ta fara tofa mini addu'a a ka.

Ranar jarrabawa aka ce ta baki ce, babu rubutu. Mai Girma Shugaban Kwamitin Jarrabawa ya gyara tabarau ya ce, "San. Wacce nake nufi?"

Na ce, "Rana."

"Ɗa nake nufi. Si?"

"Gani."

"Teku."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ɗan saka ta cikin jimla mana." Ya ce jimla sai kashi na biyu na shirin, bayan taron bita.

Sai ga Abdurrahim, ƙanin matar Ranka Ya Daɗe Babban Mai Sa Hannu. Tubarkalla, kunne! Duk abin da ya faɗa, shi ake nufi. Wata ma ya amsa ta tun Shugaba bai gama buɗe baki ba, kuma daidai ce.

Dole in yaba wa manyanmu. Sun ƙirƙiro jarrabawar da ba a satar amsarta, domin amsar tana cikin cikin mai tambaya, ba ta nuna sai ya ga fuskarka. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. A gabana aka miƙa wa Abdurrahim makulli, ana tafi.

Da safiyar nan Abdurrahim ya yi sallama a ƙofata, yana ta zufa. Ya ce, "Baba, don Allah, ina giyar baya take a motar nan?"

Na ce, "Tana maƙwabtaka da ta gaba, ɗana, kuma ƙararsu ɗaya. Ka saurara da kyau, ka zaɓa."

Mudi, kai da sauran masu tebur a bakin titi, ku ɗan ja baya. Ko gaba. Ni ma ban san wacce zai nufa ba.