Kulocin Motar Mista Toma

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na raka Mista Toma zaɓen mota ba. Ko na so in manta ma, akwai mutane a Mubi da suka mai da tuna mini aikinsu.

A lokacin muna Jihar Gongola, ina saurayi, ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandaren maza. Yawancin malaman kimiyyarmu baƙi ne daga ƙasashen waje, masu zuwa kwantiragi su koma. Mista Toma ɗaya ne daga cikinsu, Ba'indiye, malamin lissafi, gajere mai sanyin magana. Cutar shan inna ta taɓa masa ƙafar hagu tun yana yaro, don haka da sanda yake tafiya. Matarsa, wadda kowa ke kira Madam, sista ce mai jinya a asibiti. Ta fi shi jin Hausa nesa ba kusa ba, irin Hausar da ta kwasa a bakin marasa lafiya, wadda komai a cikinta namiji ne, har mace mai naƙuda.

Ni kuwa a ofishin malamai ni ne masanin mota. Ba wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina. Abin da nake taƙama da shi bai wuce ɗan tuƙin da na yi da akori-kurar kawuna lokacin hutu ba, muna jigilar wake daga Uba zuwa kasuwar Mubi. Motar nan sai ka taka mata kuloci har ƙasa, ka sake takawa, kafin giya ta yarda ta shiga. Daga nan na ɗauka na sauke karatun mota gaba ɗaya. Idan wata ta wuce ta bakin makaranta, sai in ɗaga yatsa in ce, "Ku saurara, filoginta ɗaya ya mutu." Ba mai bin ta ya duba, saboda haka ban taɓa yin kuskure ba. (Abin hawana na kaina keke ne, shi ma da tafin takalmi nake kama masa birkin baya.)

Wata rana bayan an tashi, Mista Toma ya ja ni gefe. Da Turanci muke magana da shi, amma ga abin da ya ce.

"Malam, mota nake so in saya, kuma an ce kai ka san mota. Ƙarama nake so, mai daɗin zama, mai sanyi a ciki. Mu biyu ne kawai, ni da Madam. In kwantiragina ya ƙare kuma in sayar ba tare da wahala ba. Amma abin da ya fi komai, ta zama otomatik."

Na gyaɗa kai a hankali irin na manya. "Otomatik. Ai dole."

Ban san abin da kalmar take nufi a mota ba. Na taɓa ganin motar wani babban ma'aikaci a Yola wadda eriyarta ke fitowa da kanta in an kunna rediyo, aka ce mini otomatik ce. Sai na ɗauka maganar eriya yake yi. Har na yi mamaki a raina, mutum da digirin lissafi, ga mata, ya ɗora ransa a kan eriya.

Ni dai na riga na zaɓar masa mota a zuciyata. Babbar motar Faransa nake so ya saya, mai dogon baya, wadda ake yayi a lokacin. Na riga na hango kaina a gidan gaba ranar Lahadi, ana sauke ni a ƙofar gidanmu a Uba, 'yan matan unguwa suna leƙe, a dawowa kuma ga buhun masara a baya. Ko sau ɗaya ban hango Mista Toma a cikin motar ba, sai dai a matsayin mai sayen mai.

Ranar Asabar muka tafi mu uku wurin Alhaji Sani. Iyayensa Katsinawa ne amma a Mubi aka haife shi. Atamfa yake sayarwa, yana kuma sayen motocin Turawan da suka gama aiki za su koma gida. A filin gefen shagonsa, kusa da kasuwa, motoci uku ne a jere: babbar ta Faransa da nake mafarki, wata 'yar Japan fara wadda ba ta da wani ado, sai wata 'yar ƙaramar motar Jamus, koriya shar, kujerunta na fata. Alhaji ya ce ta wani injiniyan kamfanin hanya ce.

Na naɗe hannun riga na fara aiki. Na harbi tayoyi da ƙafa. Na sa aka buɗe bonet, na zaro sandar duba baƙin mai, na shinshina, na yi tsaki. (Har yau ban san me nake nema a warin ba.) Ranar fitar ɗalibai ce, don haka kafin a jima yaranmu sun taru, ga masu ɗinki da 'yan dako su ma sun matso kallon Ba'indiye zai sayi mota. Ganin jama'a ya ƙara mini murya.

"Mista Toma, wannan babbar ita ce mota. Kayan gyaranta ko a ƙauye irin Sorau ka tsaya za ka samu. Ga tsayi, in rafi ya kawo ruwa ka ratsa abinka. Ranar sayarwa kuma kafin ka rufe baki an saye."

Gaskiya na faɗa, ban da dalilina. Mista Toma ya saurare ni da ladabi, ya leƙa cikin babbar, ya girgiza kai. Ya leƙa 'yar Japan, ya girgiza kai. Da ya leƙa koriyar sai na ga fuskarsa ta washe. Ya kira Madam, suka yi magana da yarensu, ta shafa kujera, ta zauna, ta lumshe ido.

Na ga buhun masarata yana neman sulluɓewa. Na ce bari in duba ta da kyau, ai ba za ta rasa aibi ba. Na zauna a mazaunin direba, ƙamshin fata ya buge ni, na miƙa ƙafar hagu in gwada kuloci. Ƙafata ta taka iska. Na sake lalubawa. Na sunkuya na leƙa. Abin takawa biyu ne kawai, totur da wani faffaɗan birki. Na durƙusa a ƙasa, na cusa kai ƙarƙashin sitiyari, na ɗaga shimfiɗar roba. Babu.

Wani daɗi ya kama ni. Na fito ina kakkaɓe gwiwa.

"Alhaji, ina kulocin motar nan?"

"Ba ta da shi, Tica."

"Na ga ba ta da shi. Tambayarka nake ina ka kai shi."

Alhaji ya daina taunar goronsa. Da na tsaya a nan, da wataƙila an yi dariya an wuce. Amma ni na ga taro, na ga ɗalibaina, na ga baƙo da za a zalunta a gabana. Na juya ga jama'a.

"Ku zo ku gani da idonku. Don an ga mutum baƙo ne, bai san gari ba, za a cire kuloci a sayar daban, a miƙa masa gangar jiki. Wannan ba ciniki ba ne, cuta ce. Muddin ina tsaye a nan ba za a yi ta ba."

Mutane suka yi layi suna leƙawa. Wasu suna fitowa suna cewa lalle biyu ne. Na harɗe hannu a ƙirji.

Alhaji ya dube ni daga sama har ƙasa. Bai ɗaga murya ba. "Tica, tun kafin a yaye ka nake kasuwanci a garin nan, ba wanda ya taɓa kirana macuci. Yau ka kira. To, kada ka tafi."

Mista Toma bai gane abin da ake cewa ba, sai kallonmu yake ɗaya bayan ɗaya. Madam ce ta gane. Ta fito daga motar, ta gyara mayafinta na Indiyawa, ta ce da Hausa, yadda kowa zai ji:

"Malam, wannan mota shi ne otomatik. Ba ya da kuloci, haka aka yi shi. Shi ne ya canja giya da kansa. Maigida ƙafa ɗaya ne yana aiki. Shi ya sa mun zo."

Ta fassara wa mijinta. Sai ya ɗaga sandarsa ya ɗan ƙwanƙwasa takalminsa na hagu, yana murmushi kamar shi ne ya yi laifi.

Duk idanu suka dawo kaina. Mai hankali a nan zai ba da haƙuri. Ni kuwa na buɗe baki na ji kaina ina cewa, "Ai na sani. Gwada Alhaji nake yi."

"Madalla," in ji Alhaji. "Ka gwada ni. Saura motar. Shiga."

Ya tattara babbar rigarsa ya zauna kusa da ni, Mista Toma da Madam a baya. Alhaji ya nuna mini sandar giya da haɓa. "Ja ta nan, ka taka totur. Shi ke nan karatun."

Na ja, na taka. Motar ta zame kamar a kan ruwa. Iyakwandishan yana hura mini fuska, ba ƙara, ba jijjiga. Muka hau titi, mutane suna kallo. Har na fara jin mutuncina yana dawowa, na ɗora gwiwar hannu a taga. Muka doshi tasha, inji ya ɗan ɗaga murya, irin lokacin da akori-kurar kawuna take neman giya ta biyu. Ban yi shawara da ƙafata ta hagu ba, ita ma ba ta yi da ni ba. Ta tashi da kanta, da duk ƙarfin da ta saba, ta sauka a kan faffaɗan birkin nan.

Motar ta kafe wuri ɗaya. Mu ne ba mu tsaya ba. Goshin Alhaji ya gaisa da gilashi, goron da ke bakinsa ya fesu ja wur a kai, hularsa ta faɗo a cinyata. Sandar Mista Toma ta wuce ta tsakaninmu ta kunna rediyo.

"Akuya ce ta gifta," na ce.

Duk muka duba. Titin fayau, ko kaza babu.

Alhaji ya karɓi hularsa, ya mayar, ya dafe gaban motar da hannu biyu. "Juya mu koma, Tica. Ina da iyali."

Na juya. Ina tafe ina yi wa ƙafata faɗa a zuci. Muka iso bakin filin, taron nan yana nan, har ya ƙaru. Na ce bari in rage gudu in shiga a hankali, in nuna musu gwaninta. Rage gudu kuwa a wurina sai da kuloci. Ƙafar ta sake tashi.

Wannan karon a gaban kowa aka yi. Hular ba ta tsaya a cinyata ba, ta taga ta fita.

"Malam," in ji Madam daga baya, da muryar da take yi wa masu gudun allura. "Fita."

Na fita. Mista Toma ya zagayo a hankali, ya miƙa mini sandarsa in riƙe masa, ya zauna a mazaunin direba. Ya gyara madubi, ya naɗe ƙafar hagu gefe, ya ja motar. Ya zagaya filin, ya fita titi, ya dawo, ya yi baya da ita ya ajiye a daidai inda take da farko. Da ya fito idonsa ya ciko. Ya ce mini tun da ya zo ƙasar nan a bayan babur ɗin mutane yake yawo, Madam kuma da ƙafa take zuwa asibiti ko ana ruwa. Yanzu shi zai riƙa kai ta. Ina tsaye riƙe da sandarsa, na rasa inda zan sa idona.

Suka shiga shago suka gama cinikinsu, ba wanda ya nemi shawarata. Ina shirin sulalewa Alhaji ya fito, goshinsa ya yi ƙulu.

"Tica, a inda ka yi shela, nan za ka janye ta. Da murya irin waccan."

Na tsaya a tsakiyar fili na ce Alhaji Sani ba macuci ba ne, motar haka aka ƙera ta, ni ne ban sani ba. Ya ce na baya ba su ji ba. Na maimaita. Sannan ya sa aka kawo bokiti da tsumma, ya ce ba zai ba baƙo mota da goro a gilashi ba, kuma wanda ya jawo shi zai wanke. Na wanke, ɗalibaina suna nuna mini inda na tsallake.

Ranar Litinin na shiga aji na tarar an rubuta a allo da manyan baƙaƙe: "Cigiya. Kuloci ya ɓata ranar Asabar. Wanda ya tsinta ya kai wa malamin labarin ƙasa." Ban tambayi wanda ya rubuta ba, don duk ajin sun sunkuyar da kai, kafaɗunsu suna rawa. Daga ranar na zama Malam Kuloci. Akwai iyayen yara da suka zo makaranta suna nemana da sunan, da zuciya ɗaya, sun ɗauka sunan yanka ne irin na ƙabilun kan duwatsun yankin.

Mista Toma bai taɓa yi mini dariya ba, a gabana dai. Yakan tsaya ya rage mini hanya in ya gan ni. Sai na zauna na rufe ƙofa, ya dube ni da fuskar nan tasa ta lissafi ya ce, "Malam, riƙe ƙafar hagu." Da kwantiraginsa ya ƙare, Alhaji Sani ne ya sake sayen motar, ya kuma aiko a gaya mini in ina so in zo in duba ta kafin ya biya.

Ban je ba. Abin da na koya shi ne, in aka faɗi kalmar da ban sani ba, gara in tambaya a gaban mutum ɗaya da a yi mini bayaninta a gaban kasuwa. Yanzu in wani ya ce in raka shi zaɓen mota, rakiyar kawai nake yi. In tsaya daga nesa, hannuwana a aljihu. In ya matsa sai na faɗi ra'ayina, sai in zagaya ta sau ɗaya, in yi shiru irin na masana, in ce fentin ya yi kyau.