Ranar da Majalisa Ta Yanke wa Gawo Hukunci

A Dajin Kwari, Toron Giwa ke mulki, Gara ke da aikin cinye matattun itatuwa, sauran dabbobi kuwa aikinsu cewa "haka ne". Da Gara ta koka cewa matattun sun yi ƙaranci, sai aka naɗa Shamuwa ta tantance itace mai rai da matacce, wai ita ta ga duniya. Ba wanda ya tuna cewa da ruwan fari take zuwa, ta kuma tafi kafin girbi.

Tsakiyar damina ta kawo rahoto gaban majalisa.

"Ranka ya daɗe, daji lafiya lau, kowane itace ya yi kore shar. Sai wani ƙato mai farin ɓawo da farar ƙaya. Shekara tara ina wucewa ta kansa, ban taɓa ganin ganye ɗaya a jikinsa ba. Matacce ne."

Tsohuwar Barewa ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, gawo ne fa! Haka Allah Ya yi shi, da damina yake zubar da ganye, da rani ya tofo. In ciyawa ta ƙone, 'ya'yansa muke ci, a inuwarsa nake shayar da nawa. Zuma na cikin kogonsa. A yi haƙuri wata uku kawai, a gani da ido."

'Yan majalisa duk sun san gaskiya ta faɗa, amma kowa ya sunkuyar da kai, domin Gara ta san hanyar gidan kowa.

"Baiwar Allah," in ji Toro, "ke kin taɓa ƙetare kogi?"

"Ban taɓa ba."

"To, masana sun yi magana."

Kafin ruwa ya ɗauke, gawo ya kwanta. Rani ya zo da zafinsa. Barewa ta binne 'ya'yanta biyu, ta dawo ta roƙi a zauna kan yunwa. Majalisa ta tausaya ƙwarai, ta ce magana mai nauyi irin wannan sai gwanar bincike ta dawo.

Shamuwa ta sauka da ruwan fari, ta zaga, ta tarar da ciyawa har gwiwa. Ta shaida wa majalisa cewa ba a taɓa yunwa a dajin nan ba. Toro ya tambaya ko akwai mai ja. Aka waiwaya inda Barewa ta saba tsayawa, ba kowa.