Yadda Aka Sa Mini Suna Tsintsiya

A shagon gyaran kwamfuta na Ƙofar Marusa, inda nake koyon aiki, ɓangare biyu ne, kowa da manhajar da yake ɗora wa kwamfuta: 'yan Windows a bencin Bashir, 'yan Linux a wajen Malam Nura. Malam Nura kuwa gwani ne. Baƙin allo kawai yake kallo, yatsunsa na gudu, na'ura na yi masa biyayya. Ina ganinsa na yi mubaya'a. Ban rufa wata ba na fara wa'azi.

Wadda na fara ceto ita ce yayata, Hajiya Binta, da ta ce kwamfutarta ta yi nauyi. Na ce, "Yaya, ki gode wa Allah da ya ba ki ƙane irina." Ina cikin sa mata Linux, na'ura ta tambaye ni ko ta share komai. Har ta sake tambaya! Na danna e, ina mamakin rainin hankalinta.

Can sai Hajiya ta ce, "Ina hotunan aikin hajjina?"

Ashe na share su. Da gudu na isa shago da kwamfutar. Malam Nura bai yi mini faɗa ba, matsawa kawai ya yi ya kira Bashir. Mutanen da ko shayi ba sa sha tare suka duƙufa kan allo ɗaya, suna gardama suna aiki, har Hajiya ta bayyana a allon, ga ta a Arfa tana murmushi.

Har yau ba su shirya ba. Sunana kaɗai suka yi ittifaƙi a kai: Tsintsiya. Ina shigowa kowa zai rungume kwamfutarsa, Bashir ya ce, "Malam, ɓoye taka, an zo shara."