An Zo Yi wa Bishiyarmu Gyaran Fuska

Jama'a, shekaranjiya na tsaya a layin mai tun da sanyin safiya har rana ta take tsaka, na samo ɗan fetur a galan don injin markaɗen uwargida. Ina shawo kwanar gidanmu, rungume da galan kamar jariri, sai na tarar da motar hukuma a gindin darbejiyar ƙofar gidana.

Wannan darbejiya ta girme ni. A ƙarƙashinta maƙwabcina Tela yake kafa kekensa, nan yake ciyar da iyalinsa, nan kuma mu marasa fanka muke shan iska kyauta.

Wani mai babban tumbi da hular kwano ya fito daga motar. Aka ce shi ne Mai Girma Babban Jami'in Kula da Lafiyar Rassa. Bayansa ma'aikaci ne ɗauke da wata doguwar sanda ta ƙarfe, inji a gindinta, zarto mai sarƙa a bakinta.

Na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, wannan zarton fa?"

Ya ɓata rai. "Malam, gyara bakinka. Zarto na kafinta ne. Wannan sunanta Na'urar Daidaita Rassan Sama Mai Dogon Hannu. Kwamiti guda ya zauna a kan sunan nan, har ƙasashen waje suka je ganin yadda ake kiranta."

Na ce madalla, Allah ya saka wa kwamiti. Ni da jahilcina da na mutu ina ce mata zarto a kan sanda.

Tela ya tsayar da keke ya ce, "Yallaɓai, ba dai sare ta za ku yi ba?"

"Sara? Wa ya ce sara? An hana wannan kalma a ofishinmu. Babban baƙo zai bi ta titin nan, za mu yi mata gyaran fuska ne kawai. Akwai rage nauyi, akwai buɗe wa iska hanya, akwai gyaran fuska. Kowanne da ma'anarsa a ilmance."

Ma'aikaci ya ja igiyar inji. Shiru. Ya sake ja har hularsa ta faɗi. Ya girgiza na'urar a kunnensa, ya ce, "Oga, babu mai."

Kun san abin da ya biyo baya. Idon Mai Girma ya sauka a kan galan ɗina, fuskarsa ta washe, nan take na tashi daga Malam na koma "ɗan'uwa mai kishin unguwa". Kafin in haɗa kalmar a'a, rabin wahalar da na sha a layi ta shige cikin Mai Dogon Hannu.

To, tunda da maina za a yi aikin, na ga bari in ci moriya. Na nuna masa wani ruɓaɓɓen reshe da ya miƙe ta bayan katanga, daidai saman kwanon ɗakin da yarana ke kwana. Duk iskar da ta taso sai ya yi ƙara. Na ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka a fara da wancan."

Ya ɗaga kai ya dube shi da kyau. "Ana hango shi daga titi?"

"A'a."

"To, ba namu ba ne. Wannan cire haɗari ake ce masa, wani sashe ne daban, kuma su tasu na'urar ba a gama raɗa mata suna ba."

Inji ya ɗauka. Aka rage nauyi, rassan gabas suka zube. Aka buɗe wa iska hanya, na yamma suka bi su. Da aka zo gyaran fuska, Tela ya kwashi kekensa da yadin mutane ya yi ta kansa, garin katako na bin sa har cikin kunne. Da ƙura ta lafa, abin da ya rage gungume ne tsaye tsirara kamar turken wutar lantarki, da reshe ɗaya tak: ruɓaɓɓen nan nawa, yana lilo a saman 'ya'yana cikin ƙoshin lafiya.

Mai Girma ya tsaya a gabansa, aka ɗauke shi hoto yana riƙe da na'urar da ko igiyarta bai taɓa ja ba. Ya ce mu yi haƙuri, inuwa za ta dawo a zango na gaba.

Babban baƙo kuwa ya wuce jiya da yamma, gilashi baƙi a rufe, da gudun da ko raƙumi aka ɗaure a wurin ba zai gan shi ba.

Yanzu Tela ya dawo zaurena da ɗinki, kekensa na sukuwa a cikin ƙwaƙwalwata. Yara sun koma kwana a falo. Uwargida ta auna abin da ya saura a galan, ta dube ni, ta ce, "Sannu da kishin unguwa."

Amma kada ku ce ina ƙorafi. Na ƙaru da ilimi, kuma ba kowa ne ake koya wa manyan kalmomi a ƙofar gidansa ba. Yau da safe ma na ji ana cewa masu girma za su dawo su inganta mana famfon unguwa. Duk wata roba da tukunya da ke gidan nan mun riga mun cika ta da ruwa.