Gunhild Ta Yi Shiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwa masu cike da ƙara, ni Torbjörn Sköld, a madadin kaina da sauran tsofaffin da muke kaɗe-kaɗe a ɗakin ƙarƙashin gidan burodi na Hisingen, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da maƙwabtan da suka sha kai ƙararmu, rasuwar Gunhild, amfilifayar jitata, wato na'urar da ke ƙara mata sauti. Ta cika ranar Lahadi da yamma tana tsaka da aiki, bayan doguwar jinya. Ta yi shekara talatin da wani abu a hannuna, kuma ba ta yi ko guda a cikinsu da ƙaramar murya ba.

Marigayiya ta zo duniya da ladabinta, irin amfilifayar da ake kaɗa wa tsofaffi rawa da ita a ɗakin taro. A gwanjo na saye ta, na kai ta wurin Veikko, wani dattijo mutumin Finland mai gyaran rediyo a bayan tashar jiragen ruwa. Ya buɗe cikinta, ya ƙara mata kwalba a kan nata, irin kwalaben gilashin nan da ke yin ja kamar garwashi, waɗanda su ne maƙogwaronta. Ya naɗa mata sabuwar taransifoma da hannunsa. Ranar da na je ɗaukarta, abin da ya ce da ni bai wuce wannan ba: "Yaro, kar ka riƙa tsayawa a gabanta." Ban ji maganarsa ba, shi ya sa yau ba na jin ta kowa.

Kjell, mai gangarmu, shi ya raɗa mata suna. Ya ce muryar gwaggonsa Gunhild ce sak, wadda ke sayar da kifi a bakin kogi, ta ƙwala wa mijinta kira daga wannan gaɓa ya amsa daga waccan.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta a kan cewa ba ta da gaggawa. In ka kunna ta, sai ka jira ta yi ɗumi tukuna, tana wani gunji ƙasa-ƙasa, hmmmm, kamar mai nazarin ko ka cancanci a kula ka. Da ta shirya kuwa, ta san hannu. Ka shafi tsirkiya a hankali, ta yi maka gurnani mai taushi. Ka dake ta da fushi, ta mayar maka da fushin ninki goma, har gilashin tagar mai burodi ya ɗauki rawa a sama. Ban taɓa iya ɓoye mata halin da nake ciki ba. Shekarar da matata ta bar gidan, ban faɗa wa kowa ba, amma duk wanda ya ji mu a lokacin ya san akwai magana. Da sanyi ya tsananta, a kanta muke shanya safar hannu, kuma ba ta taɓa yin ƙorafi ba.

Ba zan ce ba ta da aibi ba, don gawa ma ba ta son ƙarya. Nauyinta ya fi na zunubi. Tana kuma da shisshigi: wata rana a Borås, muna tsakiyar waƙa mafi tsanani da muka taɓa rubutawa, sai ta jawo tashar rediyo ta shiga karanta wa jama'a hasashen yanayi na masu jiragen kamun kifi. An fi tafa wa wannan fiye da waƙar.

Ciwon ajalinta ya fara ne shekaru biyu da suka wuce. Da fari tari ne, ƙaƙas-ƙaƙas, in an daki tsirkiya ta ƙasa. Daga baya muryar ta riƙa ɗaukewa tana dawowa. Veikko ya riga ya kwanta dama. Mai gyaran da muka kai ta wurinsa ya ce kwalabe ana samu, amma taransifomar ta fara cin kanta daga ciki, kuma babu wanda ya san yadda tsohon ya naɗa ta, domin a kansa ya ajiye, da kansa ya tafi. Ya ce mu lallaɓa ta.

A nan ne 'yata Ylva ta shigo maganar. Ylva injiniyar sauti ce a Umeå, kuma a ƙarƙashin wannan murya ta girma. Tana jaririya muke toshe mata kunne mu kwantar da ita a ɗakin kusa, ta yi barcinta. Ta ce yanzu ana ɗaukar muryar amfilifaya a zuba a kwamfuta. Kwamfutar za ta tura mata sautuka, ta saurari amsar da ta bayar, ta yi ta koyo har ta iya kwaikwayonta. Na ce mata, "Ke Ylva, ana jin ɗumi da hoton wuta?" Ta ce, "Baba, ranar da wutar ta mutu fa? Ko hoton ba ka da shi." Na yi ta ja mata rai har na gaji da kaina. A ƙarshe na ce ta zo.

Ranar Lahadi muka yi. Na juya maɓallanta zuwa inda suka saba zama, don Ylva ta ce kowace ɗauka zaman maɓallai iri ɗaya kawai take kamawa. Dole kuma a buɗe ta har ƙarshe, saboda Gunhild ba ta fito da ainihin muryarta sai an matsa mata. Abin da aka tura mata ba kiɗa ba ne. Fito ne mai tashi daga ƙasa zuwa sama, wiiiii, sai shuuuu kamar ruwan sama a kan kwano, sai dim, dim, dim. Na ji kunyar a ce waɗannan ne kalmominta na ƙarshe, amma a lokacin ban san na ƙarshe ba ne. Na ɗora hannuna a kanta, ina jin tana karkarwa, tana ba da duk abin da aka tambaye ta. Kwamfuta ta nuna an gama. Ylva ta ɗaga hannu sama don murna. Sai wari ya taso, aka ji fuf, wani siririn hayaƙi ya fito ta baya. Kwalaben suna nan da jansu, ido buɗe, amma babu murya.

Ylva ta zauna a ƙasa ta ce, "Ni na kashe ta, Baba." Na ce mata kwana ne ya ƙare, ko ba ita ba, ko ba ranar ba. Ba ta karɓa ba. Ta kwana biyu tana fama da kwamfutar, ba ci ba magana, sannan ta haɗa jita da ita, ta miƙo mini ta ce in kaɗa. Na kaɗa. Ta tsare ni da ido irin na ranar da ta fara kawo mini zanenta daga makaranta, ta ce, "Ita ce?" Na ce ta bari in ƙara saurare. Da wannan amsar ta hau jirgi ta koma Umeå, kuma har yau ba ta kira ni ba, sai dai ta aiko wa Kjell cewa za ta zo jana'iza.

Ga abin da ya sa ban amsa ba. Kunnena na hagu ya daɗe da yin ritaya. Na dama yana ji ne ta 'yar na'urar da likita ya liƙa mini, wadda ita ma ƙaramar kwamfuta ce mai kwaikwayon duniya tana ba ni. Duk wani siririn sauti na sama ya ɓace mini, kuma a can sama haƙoran Gunhild suke. A shekarun nan na baya, da ƙirji nake jin ta, da ƙafar wandona in tana kaɗawa. Ylva ta san ina sa na'urar, amma ba ta san inda abin ya kai ba. Ita da kowa sun ɗauka ni ne alƙalin da ba a ɗaukaka ƙara bayansa. Ni kuwa ko da tukunyar miya aka haɗa mini jitar, ba lallai in gane ba. Wannan ya fi rasuwar kanta yi mini ciwo.

Marigayiya ta rasu ta bar mijinta, babban akwatin lasifika mai baki huɗu, wanda ke tsaye a kusurwa bai ce uffan ba tun ranar. Ta bar jita guda, da wayoyi masu yawa da ba a san na kirki a cikinsu ba. Ta bar wa Kjell ciwon baya. Ta bar babban ɗanta, wani siririn fito da ke zaune a kunnena na hagu dare da rana, wanda likita ya ce tare za a binne mu. Ta bar Uwargida Ekdahl ta hawa na biyu, wadda ta shekara ashirin tana buga mana bututun ruwa da tsintsiya, jiya kuma ta tare ni a matakala ta ce gidan ya yi mata shiru har ba ta iya barci. Sai 'yar autarta, wadda ke cikin kwamfutar Ylva, marar nauyi, marar wari, marar ɗumi, wadda har yanzu ba a tabbatar ko ta gado uwarta ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi. Za a taru a ɗakinmu na ƙasa. Mai burodi ya yi alkawarin burodin kirfa, gahawa kuma daga gare ni. Ba a bukatar furanni. Mutum huɗu za su ɗauki gawa zuwa mota, ban da Kjell, an yafe masa. Daga nan sai wurin da hukuma ke karɓar mataccen kayan lantarki. Kwalaben za su zauna a wurina. Wanda ya riga kowa isowa, don Allah ya cire wannan takarda daga ƙofa, domin jirgin Ylva da safe zai sauka, kuma ba na son ta karanta.

Kafin a fita da gawa, Ylva za ta haɗa 'yar autar da akwatin lasifika, ni kuma zan kaɗa, kuma na san za ta sake tambayata a gaban kowa. Saboda haka ina roƙon waɗanda suka san muryar marigayiya da kunnuwa masu lafiya, musamman Kjell da Uwargida Ekdahl, su tsaya a bayan Ylva, inda zan ga fuskokinsu ita ba za ta gani ba. In ita ce, ku gyaɗa kai. In ba ita ba ce, ku dubi ƙasa. Amsar da zan ba 'yata ɗaya ce ko yaya kuka yi. Amma ni ma ina so in sani.